AGOGON TAFIYA DA LOKACIN GIDA

Ina roƙon kowane gida ya buɗe Littafi Mai Tsarki a 2 Sarakuna sura 20, ya kuma sa alama a Daniyel sura 6 da sura 9, gama a kan mutum biyu za mu tsaya, wato sarki Hezekiya da Daniyel. Abin da zai kai mu wurinsu kuwa ƙaramin abu ne wanda ko tafin hannu ba ya cikawa: agogon hannu.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Lafiya da agogon miliyoyi, mu da ke fama da kuɗin taki da kuɗin makaranta? Tambayar tana da kyau, amma garin ya sauya. Tun ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birninta, 'ya'yanmu sun shiga manyan ofisoshi da kwangila da fataucin riɗi da ma'adinai. Waɗansu sukan bi ta Akwanga da Keffi su hau jirgi a Abuja, gobe ka ji su a Dubai ko Landan ko ƙasar Sin. Sun zauna da manya, sun ga abin da manya ke ɗaurawa a hannu. Matasanmu kuma, ko ba su taka filin jirgi ba, suna ganin haka kullum a waya. Dukan waɗannan 'ya'yan ikkilisiya ne, tare muke zama a benci ɗaya ran Lahadi. Ya kamata su ji maganar daga bakinmu kafin 'yan talla su gama da su.

Aikin hannu mai ban mamaki

Bari mu fara ba abin haƙƙinsa. Agogon da masu tarawa ke nema ba mai batir ba ne. Irin na kakanninmu ne, mai wani. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da aka naɗe kamar gammo. In aka yi masa wani, sai naɗin ya ɗaure, ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora. Da za a bar shi, da ya warware nan take. Abin da ke tsare shi wata 'yar ƙafa ce mai lilo, tana kai da kawowa, tana sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan. Ita ce ka ke jin bugunta in ka kara agogon a kunne. A yawancin na zamani tana bugawa sau 8 a daƙiƙa ɗaya, wato sau 28,800 a awa, sau 691,200 a yini da kwana, shekara da shekaru. Waɗansu ma motsin hannun mai shi ne ke yi musu wani. Gutsattsarin da ke ciki sun haura 100, akwai waɗanda sai da gilashin ƙara girma a ke iya ganinsu sosai.

Mai bi ba ya raina irin wannan gwaninta. A Fitowa sura 31 Allah da kansa ne ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da sassaƙar duwatsu. Wanda ya dubi cikin agogo ya yi mamakin basirar da Mahalicci ya ba ɗan adam, bai yi laifi ba. Wanda kuma ya gaji agogon mahaifinsa yana yi masa wani kowace safiya yana tunawa da shi, abu mai kyau ya ke yi.

Tarihin sana'ar ma ya ratsa ta cikin ikkilisiya. A zamanin John Calvin, wanda ya koma birnin Janiba na ƙasar Suwizalan a 1541, hukumar birnin ta kafa dokoki masu tsanani a kan ado da ƙawa. Maƙeran zinariya suka ga kasuwarsu ta mutu, sai da yawa suka koma ƙera agogo, tun da shi abin amfani ne, yana kuma taimakon mutane su zo wa'azi a kan kari. Masu bi da suka gudo daga tsanani a Faransa suka zo da tasu gwanintar, har a 1601 maƙeran agogo na Janiba suka kafa ƙungiyarsu. Ku dubi yadda zuciyar mutum ta ke. An rufe wa alfarma ƙofa, ta shigo ta taga. Abin da aka yarda da shi domin ba ado ba ne, yau shi ne adon da ya fi kowane tsada a jikin namiji. Mu kuwa da muka gaji koyarwar waɗannan masu gyaran ikkilisiya, ga agogo a hannu, ga wani a waya, ga wani a bangon majami'a, duk da haka sai an kai karatu na biyu mu ke shigowa.

Sai dai a sani, ba don sanin lokaci a ke sayen irin wannan agogo ba. Tun ran 25 ga Disamba, 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, aka wuce wurin. Hukumar da ke gwada agogo a Suwizalan takan ba inji mai wani shaidar inganci in bai yi latti fiye da daƙiƙa 4 ko ya yi gaba fiye da daƙiƙa 6 a rana ba. A wata guda wannan na iya kai minti 3. Ƙaramin Casio na roba, irin wanda ɗalibai ke ɗaurawa, kuskurensa a wata ba ya wuce rabin minti. Ashe yaron makaranta ya fi mai gida sanin ƙarfe nawa.

To, me a ke saya? Waɗansu ƙaunar aikin hannu ce da gaske. Waɗansu suna cewa ajiya ce, ko da ya ke waɗanda suka saya a farkon 2022, lokacin da farashin na hannu ya kai ƙololuwa, sun ga yadda ya riƙa sauka bayan haka. Amma yawanci abin da a ke saya shi ne kallo. Shi ya sa kasuwar jabu ta cika. Wanda ya sayi na jabu don a ɗauka na gaske ne, da wanda ya sayi na gaske don a san shi wane ne, ciwo ɗaya ke damunsu, kuɗin maganin ne ya bambanta.

Masu tarawa suna da nasu lissafi. Akwai na zuwa biki da sujada, siriri mai maɗaurin fata. Akwai na shiga ruwa, ko da mai shi bai taɓa yin iyo a kogin Mada ba. Akwai na aiki. In waɗannan sun samu, sai a dubi akwatin a ga saura gurbi ɗaya, a ce ai babu na tafiya. Da ya ke hannun da a ke ɗaura agogo ɗaya ne, sauran sukan tsaya bayan kwana biyu ko uku, don haka har akwati mai lantarki a ke saya wanda zai riƙa jujjuya su suna kwance.

Shi wannan na tafiya, ga yadda ya ke. Duk mai sauraron rediyo ya saba jin an ce ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar, wato ƙarfe kaza agogon GMT. Asalin wannan shi ne taron ƙasashe da aka yi a Amurka a 1884, inda aka amince a riƙa auna duniya daga Greenwich a birnin Landan. Mu muna gaba da GMT da awa ɗaya. Da jiragen sama suka fara tsallake teku, matuƙa suka bukaci sanin lokaci biyu a kallo ɗaya. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Rolex ya yi wa matuƙan kamfanin jirage na Pan Am agogo mai suna GMT-Master. An ƙara masa tsinke na huɗu mai kan kibiya, wanda ke zagayawa sau ɗaya tak cikin awa 24. A irin na yanzu, matafiyi yakan gyara tsinken awa ya bi lokacin ƙasar da ya sauka, ya bar mai kan kibiyan nan yana nuna lokacin gida. Ku riƙe wannan tsinke a zuciya, za mu same shi a Babila.

Sarkin da aka ƙara wa kwana

Hezekiya sarki ne nagari, kada mu manta. Ya yi ciwo har annabi Ishaya ya ce masa ya shirya gidansa. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Allah kuwa ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Alamar da aka ba shi a kan abin auna lokaci ce: inuwa ta koma baya taki 10 a matakalar Ahaz. Babu maƙerin Janiba da ya taɓa yin haka. Sukan ƙera abin da ke ƙidaya lokaci, amma ba su da inda za su samo maka minti ɗaya.

Sai ga jakadu daga Babila da wasiƙu da kyauta. Littafin 2 Tarihi 32:31 ya faɗa mana abin da ya kawo su: sun zo tambaya a kan al'ajibin da ya faru a ƙasar. Ya kuma ce Allah ya ƙyale Hezekiya a wannan karo domin ya gwada abin da ke zuciyarsa. Ku duba wannan zarafi. Manyan wata babbar ƙasa ta masu bautar gumaka sun yi doguwar tafiya da ƙafarsu, suna so su ji labarin Allah mai komar da inuwa. Wane mai bishara ne ba zai yi marmarin irin wannan rana ba? Hezekiya kuwa ya ɗauki mabuɗai. Ya zaga da su ɗakunan ajiya, ya nuna musu azurfa da zinariya da kayan ƙanshi da mai mai daraja da makamai, bai rage kome ba. Ina jin bai ga laifin abin ba. Kayansa ne, ba sata ya yi ba, Allah ne ma ya ba shi. Haka duk mai tarawa ya ke ji in ya sami baƙon da ya san darajar kaya.

Da baƙin suka tafi, Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da suka gani a gidansa. Sa'an nan ya sanar da shi cewa dukan abin da ya nuna, har da abin da kakanninsa suka tara, za a kwashe zuwa Babila, za a kuma ɗebi waɗansu daga zuriyarsa su yi hidima a fadar can. Littafi ya shaida cewa Hezekiya ya ƙasƙantar da kansa daga baya, masifar kuwa ba ta zo a kwanakinsa ba. Amma ta zo.

Ɗan'uwa, kai ma an ƙara maka kwana. Ka tuna haɗarin da ka tsira a hanyar Makurdi, ko daren da zumuntar mata suka kwana suna addu'a a kanka a asibiti. Yanzu da baƙi ke zuwa gidanka, ko ka zauna da abokan ciniki ka ɗan ja hannun riga baya, me su ke gani? Me 'ya'yanka su ke gani kana gogewa da tsumma mai laushi, kana ɓoyewa, kana fushi in an taɓa? Yara ba sa bukatar a faɗa musu abin da ubansu ya fi ƙauna. Suna gani.

Mu yi ɗan lissafi, gama riƙon amana ba ya tsoron lissafi. Sabon agogon tafiyar nan na Rolex, na ƙarfe zalla ba zinariya ba, kuɗinsa ya haura dala 10,000. Da canjin shekarar 2025 wannan ya wuce naira miliyan 14. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ma'aikaci mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 16 kafin ya tara kuɗin. Ya ɗara shekarun da aka ƙara wa Hezekiya. Ba na faɗi haka don in hana mai halaliya cin halaliyarsa ba. Na faɗa ne domin Yakubu 5:4 ya gargaɗe mu cewa ladan ma'aikata da aka danne yana da murya, kukansu kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Wanda direbansa ke bin sa albashin wata uku, ko 'yan ƙwadagon da suka yi masa kunyar doya ke ta zirga-zirga a ƙofarsa, ko matar ɗan'uwansa marigayi ta cire yara daga makaranta, kada ya wahalar da kansa da tambayar ko sayen agogo zunubi ne. Kuɗin da zai saya da shi ba nasa ba ne tukuna.

Gurbin akwatin kuma ba ya cika. A watan Satumba na 2019 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ado da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 40, waɗanda hukumar EFCC ta ce ta samu a gidan wata tsohuwar ministar man fetur, ko da ya ke ita ta ƙalubalanci ƙwacewar. Cikin lissafin akwai agogon hannu 189. In mutum zai ɗaura ɗaya kowace rana, sai ya wuce wata 6 bai maimaita ba. Ba mu ne alƙalanta ba. Abin da na ke so mu lura shi ne, babu wanda ke farawa da 189. Da na biyu a ke farawa, kowanne kuma yana zuwa da dalilinsa mai kyau.

Mu masu hidimar bagade ma maganar ba ta tsallake mu ba. A 2012 mutane suka lura da wani hoton shugaban Ikkilisiyar Otodoks ta Rasha a shafin ikkilisiyar na intanet. An goge agogon da ke hannunsa, wanda aka ce Breguet ne na wajen dala 30,000, amma aka manta da inuwar agogon da ta fito sarai a kan tebur mai sheƙi. Ofishin yaɗa labaransu ya nemi gafara. In akwai abin da makiyayi zai so a goge daga hotonsa kafin tumaki su gani, ya riga ya san amsar. Haka nan dattawa da masu tarbar baƙi su sake karanta Yakubu sura 2, inda aka tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su bar matalauci a tsaye. A zamaninmu ido ba ya tsayawa a yatsa, wuyan hannu ya ke leƙawa.

Mutumin da bai gyara tsinkensa ba

Abin da Ishaya ya faɗa ya cika bayan fiye da shekara 100. Nebukadnezzar ya kwashi kayan Haikali, ya kuma sa a zaɓo samari daga gidan sarauta da na manya su yi hidima a fadarsa. Daniyel yana cikinsu. Hezekiya yana zaune a Urushalima amma idonsa na kan yabon Babila. Daniyel kuwa an kai shi Babila, ya tsufa a can.

Kada mu ɗauka Daniyel matalauci ne. Babban ma'aikacin gwamnati ne a ƙarƙashin sarakuna daban-daban. Ya koyi harshen ƙasar da iliminta, an ba shi sunan ƙasar, yana zuwa aiki bisa lokacin ƙasar, har maƙiyansa suka rasa inda za su kama shi a aikinsa. An taɓa sa masa tufafin shunayya da sarƙar zinariya, bayan ya riga ya gaya wa Belshazzar ya riƙe kyautarsa, ya kuma faɗa masa gaskiya mai ɗaci. Sarƙar ta hau wuyansa, ba ta ɗaure masa harshe ba. A daren nan kuma mulkin da ya ba da sarƙar ya faɗi.

Sirrinsa yana sura 6 aya 10. Tagogin ɗakinsa na sama suna buɗe wajen Urushalima, sau uku a rana yana durƙusawa, kamar yadda ya saba, ko da doka ta hana. Amma akwai wata ƙaramar magana a sura 9 aya 21 da mu kan wuce ba mu lura ba. Da ya ke ba da labarin zuwan mala'ika Jibra'ilu, Daniyel ya ce abin ya faru ne wajen lokacin hadayar maraice. Wace hadaya? An rushe Haikali wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Kristi. Lokacin da ya ke wannan addu'a an yi kusan shekara 50 ba bagade, ba hayaƙi, ba firist mai hidima a wurin. Duk da haka in rana ta karkata a Babila, tsohon nan ya san ƙarfe nawa ne a gidan Allahnsa. Ga tsinke na huɗu. Bai saye shi ba, ba kuma wanda ya iya ƙwace masa, ko a ramin zakoki.

Bitrus ya kira mu baƙi masu wucewa, Bulus kuma ya tuna wa Filibiyawa cewa ƙasarmu ta ainihi tana sama. Saboda haka kowane mai bi mutum ne mai lokaci biyu. Ya wajaba ya san lokacin kasuwa da na ofis, ya cika alkawari, ya yi aikinsa da kyau kamar Daniyel. Haɗarin matafiyi shi ne ya daɗe a waje har ya gyara dukan tsinkayen su bi lokacin Babila. Mun san yadda abin ke faruwa. Mutum a gida dattijo ne, in ya sauka a otal inda ba wanda ya san shi sai ya zama wani dabam. Lahadi ta zama ranar ganawa da abokan ciniki. Littafi Mai Tsarki ya kwana a ƙasan jaka. Uwargida ta buga waya, a ce mata ana cikin taro.

Don haka ga wanda ke da halin saye, ba bashi a kansa, zakarsa da baikonsa ba su yi ƙasa ba, ba na ɗora masa dokar da Littafi bai ɗora ba. Abu biyu na ke roƙo. Na fari, ya faɗa wa matarsa ainihin kuɗin kafin ya biya, ba rabin kuɗin ba. Ku iyaye mata kuma, in an tambaye ku, ku faɗi gaskiya cikin ladabi, ku kuma tuna da akwatunan leshi da ba a taɓa ɗinkawa ba. Na biyu, ya jinkirta wata uku yana addu'a a kan abin. Sha'awa da yawa ba ta kai wata uku da rai. In ta mutu, ga kuɗi a hannu, ga kuma majami'un ƙauyukan Doma da Obi da Awe, da iyalan da rikici ya kora daga gonakinsu.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki agogon tafiya, to, ya sa shi aikin da aka yi shi dominsa. Kafin ya tashi, ya zauna da iyalinsa su tsai da sa'ar addu'ar gida, a ce ƙarfe 8 na dare. Ya bar tsinke mai kan kibiya a kan lokacin Lafiya. In tsinken ya kai wurin, duk inda ya ke, ya nemi gefe ya durƙusa, ko ya buga waya su yi tare. Wanda ba shi da irin wannan agogo, wayar hannunsa tana nuna lokacin gari biyu kyauta. Ƙarfe 8 na dare a Lafiya, a Landan ƙarfe 7 ne da hunturu, 8 da bazararsu. Ga masu ziyarar Urushalima 9 ne ko 10, gwargwadon watan da suka je. A Dubai 11 na dare ne. Wanda ya je sarin kaya ƙasar Sin kuwa, sai ya sa wayar ta tashe shi, gama a can ƙarfe 3 ne na dare.